Taku Goma Sha Ɗaya

Saboda rashin sani aka ba ni aikin. Ba zolaya nake yi ba, haka yake a rubuce. Suna neman wadda ba ta san komai a kan marasa lafiyar ba, kuma za ta ɗauki alkawarin ba za ta sani ba har a gama. Shekara biyar ina ɗakin kati na asibiti, ƙarƙashin bene, duk wanda ya leƙo sai ya tuna mini ban yi jami'a ba. Rana ɗaya kawai abin da ake goranta mini ya zama shi ake nema.

Ga yadda abin yake. In jijiya ta fashe a cikin kan mutum, jini ya taru ya daskare a ƙwaƙwalwa, hanya biyu ce. Ko a kwantar da shi a ba shi magani, a saukar da hawan jinin, a jira jiki ya shanye gudan da kansa. Ko kuma a huda ƙoƙon kan, ɗan rami bai fi maɓallin riga ba, a zura siririn bututu a zuƙo gudan. Wacce ta fi? Ba wanda ya sani. A asibitinmu dai ba a faɗin haka, sai a ce "hujjoji suna kan taruwa". To don su taru ɗin ne asibitoci da yawa suka haɗa kai. In an kawo mutum, danginsa suka yarda suka sa hannu, sai kwamfuta ta jefa ƙuri'a: wannan a huda shi, wancan a bar shi a kan magani. Bayan wata uku, da kuma bayan wata shida, a kawo mini shi in auna.

Awon ba wuya. Lamba ce daga sifili zuwa shida. Sifili, ka warke kamar ba a yi ba. Shida, ba kai za ka zo ba, takarda za a kawo. Rigimar duk tana tsakanin uku da huɗu. Uku, kana buƙatar taimako amma kana tafiya da ƙafarka. Huɗu, sai an riƙe ka. Daga uku zuwa ƙasa kana cikin waɗanda suka yi kyau. Daga huɗu zuwa sama, Allah ya ƙara sauƙi.

Sai dai duk awon nan banza ne in na san wa aka huda, wa ba a huda ba. Wai zuciya tana jan hannu. Shi ya sa aka ba ni ɗaki can ƙarshen baranda, kusa da wurin wanki, nesa da inda marasa lafiya ke kwance. Akwai taga, akwai fanka, akwai kujera mai ƙafa huɗu cif. Wanda bai yi shekara biyar a ƙarƙashin bene ba, ba zai gane abin da nake faɗa ba. Mamata ma ta daina ce wa maƙwabta "tana aiki a asibiti", ta koma "tana bincike".

Kafin kowa ya shigo wurina, Sista, ma'aikaciyar jinyarmu, za ta tare shi a bakin ƙofa ta kifa masa hula shuɗiya ta ulu, har kunne, mai tabo da marar tabo. Sannan ta ja masa kunne da shi da danginsa: ku amsa abin da ta tambaya, kar wanda ya faɗi abin da aka yi ko ba a yi ba. Daga nan ma'aikata suka sa mini suna Makauniya.

A ƙasan fom ɗin kuma akwai tambaya ɗaya, tawa ce ni kaɗai: "Kin gano ɓangaren da marar lafiyar yake?" Ga akwatin E, ga akwatin A'a. In na sa E sau uku, an ce idona ya buɗe ke nan, sai a sauya ni. Lokacin da nake ba ku labari, na riga na sa biyu. Ta farko, wata tsohuwa ce ta tuɓe hular ta sosa kai. Ta biyu, matar wani direba ta ciro waya ta nuna mini hoton gudan jinin da aka zaro daga kan mijinta, a cikin ɗan kwano, tana murmushi kamar mai nuna jariri. Saura ɗaya.

Mai binciken a wurinmu Farfesa ne, amma shi sai a hoto. Wanda muke gani kullum mataimakinsa ne, wani matashin likitan ƙwaƙwalwa da muke kira A-Can. Ba ya gama jimla sai ya ce "a can inda na yi horo". Sista ta ce sati shida ya yi a can ɗin, ɗaya ma mura ta cinye. Yana rataye da abin sauraron ƙirji ko wurin cin abinci zai je, alhali ban taɓa jin ƙwaƙwalwa tana tari ba. Littafin ƙa'idojin binciken shafi casa'in da huɗu ne. Ni na karance shi kaf a cikin bas, da ƙamus ɗin wayata, wata biyu ina yi. Shi kuma na tabbata ya karanta har shafi na biyu, don a nan sunansa yake.

An hana shi yi mini maganar marasa lafiya, sai ya riƙa tsayawa a bakin ƙofa yana maganar gari.

"Makauniyarmu. Yau garin ya yi kyau, ko?"

"Zafi ake yi, Likita."

"Amma ana samun ci gaba."

"A zafin?"

Sai ya yi dariya ya wuce. Ba mugu ba ne. Yana son aikin hannunsa ya fito, shi ke nan, kuma ya riga ya sayi kwat ɗin da zai sa ranar da za a bayyana sakamako.

Abin da aikin ya koya mini shi ne kar in tambayi kowa "ya jiki". Mutum zai zo a ɗauke, miyau na zuba, ka ce ya jiki, ya ce da sauƙi. In a kan "da sauƙi" zan rubuta, da kowa sifili ne har waɗanda aka binne. Don haka sai in ce: wa ke kai ka banɗaki? Wa ya ɓalla maka maɓallin nan? Sannan in kalli takalmi.

Ran Talatar, na uku a layi shi ne mai lamba hamsin da biyu, wani tsoho mai gyaran agogo. Na tuna shi daga zuwansa na wata uku, a keken marasa lafiya, ɓarin hagu duk a sake. Ranar bai ce komai ba sai kallon ƙasa, ni kuma na ɗauka baƙin ciki ne. Da za su fita ne ya ce, da bakinsa da ya ɗan karkace, "'Yata, mene ne bambancin uku da huɗu?" Ni kuwa don in taƙaita sai na ce, "Baba, uku shi ne wanda zai shigo daga ƙofar nan ya zauna a kujerar nan ba a riƙe shi ba." Ya ce to.

Wannan kuskurena ne, kuma ban san na yi shi ba sai bayan wata uku.

Na ji kukan tayar keken a baranda, ƙii-ƙii, har ta tsaya daga kwana. Aka yi shiru kamar na minti biyu. Sannan ƙofa ta buɗe, sai ga Baba a tsaye, hula har kunne, ba sanda, ba kowa a jikinsa. Matarsa tana bayansa, hannuwanta biyu a buɗe a iska kamar mai jiran tulu ya faɗo.

Ya tako. Ƙafar dama ta tafi, ta hagu ta biyo ta da ja. Leɓensa yana motsi. Na bi leɓen, ashe ƙirga yake yi. A goma sha ɗaya ya juya ya zube a kujera, daidai, ba ƙari ba ragi. Gumi ya riga ya jiƙa bakin hular.

"Sannu, Baba."

"Yauwa, 'yata. Da sauƙi."

"Ai ban tambaya ba tukuna."

"Na rage miki aiki."

Na kalli takalmin. Sama tsoho ne, ya sha shafe-shafe, ƙasan kuwa tas, ko tsakuwa ɗaya ba ta taɓa saninsa ba. Na kalli Mama. Kafaɗarta ta dama ta fi ta hagu sauka, kuma rigar a daidai wurin ta koɗe, ta yi sheƙi, girman tafin hannun namiji.

"Mama, wa ke kai shi banɗaki?"

"Shi ke zuwa."

"Shi kaɗai?"

"Ina dai raka shi."

"Da baki ko da kafaɗa?"

Ta kalli fanka.

Na ce, "Baba, ko za ka ɗan je bakin tagar can ka dawo?"

Ya dubi tagar, ya dubi tayil ɗin da ke tsakani. Ya daɗe yana dubawa. "Wannan ba ya cikin abin da kika ce."

A nan na gane. Wancan zuwan ba baƙin ciki yake yi ba, tayil yake ƙirgawa. Daga baya Mama ta gaya mini da alli ta zana masa a tsakar ɗaki, daga ƙofa zuwa kujera, safe da yamma, wata uku. Taku goma sha ɗaya ya koya. Na goma sha biyu babu shi a duniya.

Huɗu ce. Na riga na yanke a raina tun daga takalmin. Na ɗauki biro.

"Dakata," in ji Baba. Ya juya wajen matarsa. "Ke, ɗan samo mini ruwa. Mai sanyi. Ba na famfon nan ba, na can bakin get."

Ta san korarta yake yi. Ta gyara masa wuyan riga ta fita.

Na ɗaga hannu. "Baba, kafin ka buɗe baki. Kar ka faɗa mini abin da aka yi maka ko ba a yi ba. In ka faɗa, aikina ne zai tafi."

"Sista ta gaya mana. Ni mai bin ƙa'ida ne. Labarin ƙanena zan ba ki."

"To."

"Yana nan waje a kan benci. Kemis gare shi. A unguwa Dakta suke ce masa, shi kuma yana amsawa." Ya tsaya ya haɗiye miyau. Magana tana yi masa nauyi, sai ya ɗaga kowace kalma da hannu biyu. "Ranar da na faɗi, matata kaɗai ce a nan. Ita ta sa hannu. Tun ranar yake cewa ta ba da kaina an jefa ƙuri'a. Ya tara dangi. Sun ce yau in takarda ta nuna ina tafiya, a bar ni a gidana. In ba haka ba, ya ɗauke ni zuwa nasa, wai ita ba ta san abin da take yi ba. Shekara talatin da huɗu muna tare."

"Baba, takardar nan ba ta dangi ba ce."

"Sista tana faɗin lambar in an tambaya. Shi kuma zai tambaya. Kullum maganarsa ɗaya ce: da an yi mini aikin, da yanzu ina shago."

Na ajiye biron.

"Baba, ka faɗa."

Ya kai hannun dama ya shafa kansa. "Ban cire hular ba."

"Ba ka cire ba."

Muka zauna. Fanka tana juyawa. Daga wurin wanki ana jin matan suna musu a kan wa ya ɗauki bokitin wa.

Ina so in ce na daɗe ina kokawa da zuciyata, amma gaskiya lissafi na yi, irin na mai jera kati. In na sa uku na sa A'a, Baba ya koma gidansa, ni na zauna a ɗakina, ƙarya ɗaya ta shiga cikin lambobi ɗari biyar. Sai dai wata rana wani likita a wani gari zai tsaya a kan mahaifin wani yana duba lambobin nan kafin ya ɗauki abin huda, kuma ban san wace lamba ce za ta karkatar da hannunsa ba. In kuma na sa huɗu na sa A'a, ko ƙarya ma ba za a kira ta ba sosai, tunda na yanke huɗun kafin ya yi magana. Amma biron bai taɓa takarda ba a lokacin. Shafi na sittin da ɗaya na littafin ƙa'idojin bai ce "in kin yanke a ranki" ba. Wannan ita ce illar karatu a cikin bas, ba abin da kake tsallakewa.

Na rubuta huɗu. Na sa E.

"Nawa?" in ji Baba.

"Huɗu."

Ya kalli tayil ɗinsa.

Na tashi na ɗauki littafin ƙa'idojin. "Zauna nan, ina zuwa."

Wata goma sha huɗu ban taka barandar likitoci ba, an hana ni. Yanzu da idona ya buɗe, ba abin da zai hana. Na sami A-Can a tsaye gaban madubin taga yana gyara abin sauraron ƙirjinsa.

"Makauniyarmu, me kike yi a nan? Ai ba a yarda..."

"Na warke, Likita. Na sa E ta uku."

Fuskarsa ta sauka. Ya tambayi lamba nawa, na faɗa, ya tambayi me na rubuta, na faɗa. Na ga ya yi lissafi a ransa, huɗu a ɓangaren da ba a huda ba, sai fuskar ta ɗan dawo, sannan ya tuna sai an sake awon da wani, ta sake sauka.

"Minti biyar nake so," na ce. "Dangi suna da tambaya. Shafi na tamanin ya ce dole a amsa musu."

Ba shi da hanyar sanin ko shafi na tamanin ya ce haka. Ya ce haka ɗin kuwa.

Muka tarar Sista ta riga ta fito da Baba a keke. Mama tana tsaye da robar ruwa. A kan benci ga mai kemis, da farar riga mai aljihu, biro uku a jere, ya ɗora ƙafa ɗaya a kan ɗaya. Ganin A-Can ya miƙe ya ba shi hannu kamar sun yi makaranta tare.

"Dakta."

"Sannu."

"Ni ma ina ɗan taɓa harkar. Na ji an ce huɗu." Ya juya wajen Mama. "Matar Yaya, kin ji dai da kunnenki."

Na ce, "Likita, tambayar ita ce: da an yi wa Baba aikin, da ya fi haka?"

A-Can ya gyara tsayuwa. Ya fara da cewa tambaya ce mai muhimmanci. Ya ce dole a duba girman gudan, da zurfinsa, da shekarun marar lafiya. Ya ce a can inda ya yi horo akwai mahanga guda biyu. Ya bayyana ta farko. Ya bayyana ta biyu. Ya zana ƙwaƙwalwa a iska da yatsa, ya shiga ta nan ya fita ta can. Mai kemis yana gyaɗa kai yana cewa "ƙwarai, ƙwarai", yana maimaita duk kalmar da ta fi tsawo. Sista ta jingina da bango ta rufe ido. Baba ya zuba wa agogon da ke hannun ƙanensa ido.

Da ya kai "hujjoji suna kan taruwa", na buɗe shafi na uku.

"Likita, taimaka mini da layin nan, karatuna bai yi zurfi ba. Na ga kamar ya ce an kafa binciken ne saboda har yanzu ba a san wacce ta fi ba. Kuma ga sa hannunka a shafi na biyu. Ko na fassara ba daidai ba?"

Ya karanta layin. Ina jin ranar suka fara haɗuwa.

"Haka ne," ya ce.

"Haka ne me?"

Ya kalle ni. Na kalle shi. Ba ni da sauran abin da za a ƙwace.

"Ba mu sani ba," ya ce, a hankali, kamar wanda ake cire wa haƙori.

Mai kemis ya ce, "Ban ji ba, Dakta."

"Ba mu sani ba. Da an yi masa, wataƙila ya fi haka. Wataƙila daidai da haka. Wataƙila kuma ya sake zubar da jini a kan tebur, ba mu tashe shi ba. Na ga duka ukun." Muryarsa ta canza a nan, ta zama irin ta mutane. Daga ganin yadda ya sunkuyar da kai, akwai fuskar da ya tuna.

"To in ba ku sani ba, me ya sa kuke huda mutane?"

"Don mu sani."

"Waɗanda ba ku huda ba fa?"

"Su ma don mu sani."

Mai kemis ya zauna. Ya ciro biro ɗaya ya mayar. Wata shida yana riƙe da magana ɗaya, an karɓe ta a baranda, ba ka tsammanin ya sake ta haka kawai.

"Duk da haka," ya ce, "bai kamata ta sa hannu ba tare da shawara ba. Akwai masu ilimin abin a dangi."

Mama ta murɗa murfin robar ta rufe.

"Na kira ka sau tara," ta ce. "Da hantsi ne. Ka aiko saƙo kana taro."

Ba wanda ya tambayi taron mene ne.

Na ce, "Kawu, tunda kana taɓa harkar, bari in karanta maka abin da huɗu take nufi, don ka shirya. Sai an riƙe shi zuwa banɗaki, sau biyar ko shida a yini. Sai an yi masa wanka. Sai an juya masa hannun nan safe da yamma kar ya sandare. Wa zan rubuta a matsayin mai riƙo a gidanka? Akwai layinsa a fom, kuma za a riƙa kira."

Layin yana nan da gaske. Ba a cika kira ba, amma yana nan.

Mai kemis ya ce matarsa tana fama da baya. Ya ce yaran suna makaranta. Ya ce shi kuma kemis ba ya zama ba kowa. Ya ɗaga hannu ya duba lokaci.

"Agogon nan naka," in ji Baba daga keke, "yana gudu da minti huɗu. Tun ɗazu nake gani. Na gaya maka ka daina buga shi a kantar kemis."

"Yaya, ba maganar agogo ake yi ba."

"Ka kawo gida. Ita za ta riƙe mini, ni in kunce da dama."

Mai kemis ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa. "A bar shi tukuna," ya ce wa bango. "Zuwa ƙarshen wata mu gani. Zan yi wa dangi bayani, abin yana da sarƙaƙiya, ba kowa zai gane ba."

Ya sake ba A-Can hannu ya tafi. Mama ta kama keken. Ba ta yi mini godiya ba, kuma da ta yi da na ji kunya, don huɗun tana nan inda na sa ta. Da suka kai kwana ta tsaya, ta zare hular daga kansa ta miƙa wa Sista. Kan Baba sumul, furfura ce kawai da gumi.

A-Can ya tsaya a gefena yana kallon littafin da ke hannuna.

"Ba sai kin sa E ba," ya ce. "Wa zai sani?"

"Shafi na sittin da ɗaya, Likita."

"Ara mini shi."

Na ara masa. Har yau bai dawo da shi ba. Ko yana karantawa, ko ya tokare taga da shi, Allah masani.

Ran Litinin na koma ƙarƙashin bene. Kujerata mai ƙafa uku da bulo tana nan, ba wanda ya yi sha'awarta. Wanda aka sa a ɗakina digiri biyu gare shi, kuma an tura shi kwas na kwana biyu a otal, ya koyo yadda ake rashin sani, aka ba shi takardar shaida ya manna a bango. Shi ya sake auna Baba. Sista ta ce Baba ya shigo da takunsa goma sha ɗaya, mutumin har ya ɗaga biro, sai ita ta yi tari ta ce ko Baba zai ɗan je ya buɗe taga. Huɗu ya rubuta.

Mamata ta ce me zan gaya wa maƙwabta. Na ce ta ce musu tana aiki a asibiti. Ta ce ai ta riga ta ce bincike. Na ce to ta ce an gama nawa ɓangaren.

Sakamakon kuwa an ce sai nan da shekara uku, in an cika ɗari biyar ɗin. Kwat ɗin A-Can ba lallai ta shige shi ba a lokacin.

Ƙarshen wata ya zo ya wuce, wani ma ya wuce, mai kemis bai aiko mota ba. Duk ran Alhamis Mama tana turo Baba zuwa ɗakin motsa jiki, kuma dole su biyo ta tagar kati. In na ji ƙii-ƙii sai in ciro katinsa tun kafin su iso.

"Ya jiki, Baba?" Yanzu ina da damar tambaya.

"Da sauƙi. Goma sha huɗu."

"Da kafaɗa ko ba kafaɗa?"

"Goma sha biyu ba kafaɗa."

"Goma sha ɗaya da rabi," in ji Mama.

Ya leƙo kansa ta tagar, ya ƙare wa ɗakin kallo, fayil har rufi, kwan fitila ɗaya, bulon da ke ƙarƙashin kujerata.

"Nan ne aka mayar da ke?"

"Nan ne."

"Daga ƙofa zuwa kujera taku nawa ne?"

"Uku, Baba."

"To ke kin samu," ya ce.

Na buga masa hatimi na miƙa wa Mama katin. Akwai mutum goma sha tara a bayansu.